Yadda ake rubuta ƙ, ɗ da ɓ a kwamfuta

Yawancin allunan madannai ba su tanadi wuri ga haruffanmu masu lanƙwasa ba, shi ya sa marubuta da dama ke barin su, ko kuma su riƙa kwafo su ɗaya bayan ɗaya daga wani rubutu. Alhali kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wato tsarin duniya da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, kuma wanda ya riƙe lambobin ya huta da wannan wahala.

Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ kuwa 0253. Manyansu su ne 0198, 018A da 0181 bi da bi. Masu bin ƙa'idar rubutun Nijar za su buƙaci 01B4 domin ƴ.

A manhajar Microsoft Word, sai ka rubuta lambar, sannan ka danne Alt ka latsa X, nan take lambar za ta rikiɗe ta zama harafi. Akwai wani tarko a nan da ya kamata a kiyaye. Idan harafin da ke gabanin lambar yana tsakanin a da f, kamar a kalmar haɗa, Word zai ɗauke shi a matsayin ɓangaren lambar, ya fito da abin da ba a nema ba. Maganinsa shi ne ka rubuta U+0257 maimakon 0257 kawai, ko ka zaɓi lambar ita kaɗai kafin ka latsa.

A Linux ana danna Ctrl, Shift da U tare, a rubuta lambar, a latsa Enter. Mai amfani da Mac zai fara kunna tsarin madannai mai suna Unicode Hex Input a saitunan kwamfutar, sannan ya danne Option yayin da yake buga lambar.

Wasu alamomin sun fi sauƙi a Windows: Alt da 0176 na ba da °, Alt da 0169 kuma ©, muddin an kunna Num Lock an kuma yi amfani da madannan lambobi na gefen dama.

A ganina, duk mai yawan rubutu a Word gara ya ba kowane harafi gajeriyar hanyarsa. Ya shiga Insert, Symbol, More Symbols, ya zaɓi ƙ, ya latsa Shortcut Key, ya ɗora shi a kan Alt da K. Idan kuma ɗan akwati ya bayyana a gurbin harafin, salon rubutun (font) ne ba ya ɗauke da shi, sai a sauya zuwa Arial ko Times New Roman.