Yadda Ɗan Jarida Zai Gina Shafin Ayyukansa a Intanet

Ɗan jarida Bahaushe da ke aiki a Legas, ko daga kasuwar Mile 12 yake ɗauko rahoto ko daga Agege, yana buƙatar wuri guda da edita zai duba ayyukansa cikin sauƙi.

Da farko ka yi rajistar adireshin shafinka na intanet da sunan da kake sa wa rahotanninka. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, kuma sai an riƙa sabunta rajistar. Daga nan ka gina shafin da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet.

A ganina, zaɓen aiki ya fi komai muhimmanci. Kada ka jibge duk abin da ka taɓa rubutawa. Ka ware rahotanni 8 ko 10 mafi inganci, ka sa kwanan wata da kafar da ta wallafa kowanne, sannan ka haɗa na Hausa da taƙaitaccen bayani da Turanci, domin editoci da yawa a Legas ba sa jin Hausa. Ka adana kwafinsu a Wayback Machine, wato rumbun adana shafukan intanet, saboda jarida kan rufe shafinta, aikin shekaru ya salwanta.

Ka rage nauyin hotuna, tunda galibi a waya za a buɗe shafin.