Yadda Ake Gane Mai Tsaron Raga Na Ƙwarai

Mafi yawan masu kallon ƙwallon ƙafa suna auna mai tsaron raga ne da irin tsallen da ya daka ya ture ƙwallo da bakin yatsunsa, alhali sau da yawa wannan tsallen gyara ne na kuskuren da ya riga ya tafka wajen zaɓen inda zai tsaya. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta kuma mita 2.44, babu kuwa mahaluƙin da zai rufe wannan sarari da tsalle kawai. Saboda haka, idan kana son ka san gaskiyar gola, sai ka ɗauke idonka daga kan ƙwallo na ɗan lokaci, ka zuba masa ido tun kafin a bugo masa.

Ka fara da duba tsayuwarsa. Gola nagari yana bin ƙwallo da gajeren taku duk inda ta nufa, yadda kullum zai kasance tsakaninta da tsakiyar ragarsa, kuma idan ɗan gaba ya kutso, sai ya matso domin ya rage masa filin da yake hange. A daidai lokacin da ƙafar mai bugu za ta taɓa ƙwallo, ya kamata ka ga ƙafafunsa biyu sun kafu a ƙasa, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, nauyin jikinsa ya rinjayi gaba. Wanda bugu ya riske shi yana gudu ko yana ja da baya, da wuya ya tare ƙwallo ko da ta bi ta gefen kunnensa. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, ana dab da tashi daga ƙarin lokaci, Randal Kolo Muani na Faransa ya samu kansa daga shi sai Emiliano Martínez. Golan na Ajantina ya matso, ya baje jikinsa, ya tare ƙwallon da ƙafa, kuma wannan matsowar ce ta yi aikin tun kafin ƙafar ta miƙe.

Daga nan ka lura da inda yake tura ƙwallon da ya kasa riƙewa. Ƙwararre yana ture ta gefe ko ta saman raga, shi kuwa mai rauni yana amayar da ita tsakiya, inda 'yan gaba suke jira. Wanda ya kalli wasan Najeriya da Ajantina a Johannesburg a 2010 zai tuna yadda Vincent Enyeama ya yi ta kawar da bugun Lionel Messi, har aka zaɓe shi gwarzon wasan duk da cewa an ci Najeriya ɗaya da nema.

A ganina, bugun kusurwa da ƙwallon da aka ɗago daga gefe su ne suka fi tona asirin gola, domin a nan ne ake ganin ko yana iya yanke shawara. Ko dai ya fito da dukkan ƙarfinsa ya cafke ko ya naushe ta nesa, ko kuma ya tsaya a kan layinsa ya bar 'yan baya su yi aikinsu. Mafi munin hali shi ne ya taho sannan ya yi turus a hanya, bai kai ga ƙwallo ba, bai kuma tsare raga ba. Ka saurari muryarsa ma, domin shi kaɗai ne filin yake gabansa baki ɗaya, kuma golan da ya yi gum bai tsara katangar 'yan wasa a gaban bugun tazara ba, bai gaya wa 'yan bayansa wanda za su riƙe ba, ya bar rabin aikinsa.

Ƙafa ita ma ta zama dole tun 1992, lokacin da aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Ka duba ko yana natsuwa idan an matsa masa, da kuma ko ya san lokacin da ya dace ya doka ta nesa maimakon ya jefa ɗan bayansa cikin haɗari. Daga 2025 kuma, wanda ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8 ya jawo a ba abokan hamayya bugun kusurwa.

Kada ka ɗora hukuncinka a kan bugun fenareti kaɗai. Golan Najeriya Stanley Nwabali ya cancanci yabon da ya sha bayan ya tare biyu daga cikin bugun Afirka ta Kudu a gasar cin kofin nahiyar Afirka a birnin Bouaké na ƙasar Côte d'Ivoire a Fabrairun 2024, amma daga mita 11 rinjaye yana wajen mai bugu, kuma akwai gwanaye da yawa da ba su yi suna a nan ba. Haka nan kada ka yanke wa mutum hukunci da dare ɗaya. Loris Karius na Liverpool ya yi kurakurai biyu masu nauyi a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai ta 2018, daga baya likitoci suka tabbatar da cewa ya samu buguwa a kai a cikin wasan. Abin da ya kamata ka duba shi ne yadda gola yake tunkarar ƙwallo ta gaba bayan ya yi kuskure, da yadda yake ɗorewa mako bayan mako, kamar yadda Enyeama ya yi wasanni 11 a jere a gasar Faransa tare da Lille a 2013 ba a zura masa ko ɗaya ba.

Talabijin ƙwallo take bi, ba ta cika nuna gola ba sai bugu ya zo. Idan da hali, ka je fili da kanka, ko na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ko na unguwarku, ka zauna ta bayan raga, ka riƙa rubuta inda ya tsaya, da shawarar da ya yanke, da inda ya tura ƙwallo, har tsawon wasanni biyar ko shida.