Wayar gyaran haƙori a Ingila: daga ina ake farawa

Wata ƙanwata a zumunci, da ba ta fi wata huɗu da isowa Ingila ba, ta tare ni bayan an idar da sallar Juma'a ta ce, "Yaya, yaron nan ya dame ni. Wai yara da yawa a ajinsu suna da waya a baki, shi ma ga haƙoransa na gaba sun turo. Nawa ake sa ta?" Na ce ta ajiye maganar kuɗi tukuna, ta yi wa yaran rajista da likitan haƙori? Ta ce ai tun satin farko suka yi rajista da likitan unguwa.

A nan yawancinmu muke tuntuɓe. Likitan unguwa, wanda ake kira GP, ba ruwansa da haƙori. Sai kin nemi asibitin haƙori daban, mai karɓar mutane a tsarin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, kuma samunsa a wasu garuruwan sai an yi ta buga waya. Shafin NHS na intanet yana nuna na kusa da ke idan kin sa lambar unguwarku. In sun ce ba sa ɗaukar sababbi, kada ki ajiye waya, ki tambaya ko suna ɗaukar yara, domin wasu suna karɓar yara ko da sun rufe wa manya. Duk yaron da bai kai shekara 18 ba kyauta ake duba shi. Likitan haƙorin ne zai rubuta takardar tura yaro wurin ƙwararren mai daidaita haƙora, ba ke za ki je da kanki ba. Layin jira kan ɗauki watanni, wani wurin ya haura shekara, shi ya sa nake matsa wa kowa ya yi rajistar nan tun akwatuna ba su gama kwancewa ba. Galibi ana sa wayar ne wajen shekara 12 ko 13, bayan yaro ya gama famfara, amma wanda ya iso da ɗan shekara 16 ba shi da lokacin ɓatawa.

Amma ba kowane yaro ake sa wa waya kyauta ba. Ranar da na kai 'yata, likitar ta sa ta cije haƙoranta, ta ɗauko wata 'yar ƙaramar rula ta auna tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa, ta faɗa wa mataimakiyarta lamba ta rubuta. Suna da ma'auni mai suna IOTN, mai mataki 1 zuwa 5. Mataki na 4 da na 5 sun cancanta kai tsaye: haƙoran sama da suka turo fiye da milimita 6, ko cunkoso mai tsanani, ko haƙorin da ya maƙale a cikin dasashi ya ƙi fitowa. Mataki na 3 sai an haɗa da wani awon na yanayin kyan gani, inda ake gwada bakin yaro da hotuna goma, sai ya kai na 6 ko sama. Mataki na 1 da na 2 kuwa, sai dai ku biya da kanku. Idan an ce ɗanki bai cancanta ba, ki tambayi matakin da aka ba shi da dalili. Haƙƙinki ne, kuma in Turancin likitoci yana miki nauyi, ki nemi tafinta tun lokacin da ake ba ki rana.

Akwai maganar da nake so kowace uwa ta riƙe: wushirya. Mu a gida ado ce, ana yabon mai ita, kaka kan buɗe bakin jika ta ce ya gado ta. Likitan da ya taso a nan ba lalle ya san haka ba. A idonsa rata ce da aka saba rufewa, kuma da zarar waya ta hau, in ba a yi magana ba, rufe ta yana cikin aikin. 'Yata tana da ita, irin ta mahaifiyata sak. Da likitar ta nuna mana tsarin aikin a kwamfuta na ga babu ita, sai na ce, "Likita, wannan ratar a wurinmu kyau ce." Ta dakata, ta juya wurin yarinyar ta tambaye ta ra'ayinta. Yarinyar ta ce tana son abarta. Likitar ta yi mana bayanin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, aka gyara tsarin. Wani yaron zai ce a rufe masa, musamman in ana tsokanarsa a makaranta, wannan ma a saurare shi, bakinsa ne. Abin da ba na so shi ne a rufe ta don kawai kunya ta hana uwa buɗe baki.

Wasu iyayen suna ɗari-ɗari saboda hadisin da ya hana tsaga haƙora don ado. Malamai da yawa sun bambanta wannan da gyaran lahani da ke hana tauna ko rufe baki. A tambayi malamin da aka yarda da shi, hankali ya kwanta kafin a fara.

Aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa duk bayan sati shida zuwa takwas a ɗaure wayar. Wani lokaci sai an cire haƙori biyu ko huɗu don samar da wuri, kada wannan ya firgita ki, amma ki nemi a nuna miki dalili a hoton. Ranakun asibiti suna faɗawa lokacin makaranta, sai a kai wa ofishin makaranta takardar. Yawan fashi ba tare da sanarwa ba kan sa a cire yaro daga jerin. Kwana uku ko huɗu na farko baki zai yi tsami: kunu, fate, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, da farasitamol in ya matsa. Za su ba da wani kaki da ake mannawa inda ƙarfen ke gogar kumatu.

Takardar abincin da za su ba ki ba ta san abincinmu ba. Za ta hana cingam da alawa mai danƙo da lemon kwalba. Ba za ta ambaci aya ba, ko ƙanzo, ko rake, ko kantu, ko gasasshiyar masara, ko ƙashin kazar da yaranmu ke gurgura bayan sun cinye naman. Mu kilishi ne ya karya mana. Baƙo ya zo da tsaraba daga Kano, yarinyar ta yagi yanki guda da haƙoran gaba, sai ga ɗan ƙarfen yana lilo a jikin waya. Kowane karyewa yana ƙara tsawon aikin. A yanka nama ƙanana, a tauna da turame. Gogewa kuwa ita ce rabin aikin: burushi da man goge baki mai fulorayid safe da dare, da ɗan siririn burushin da ke shiga tsakanin ƙarafa. Asuwaki ba ya kaiwa lungunan nan, kuma yana iya ɓamɓare ƙarfe. Yaron da ya yi sakaci, ranar da aka cire wayar zai tarar da fararen tabo a haƙoransa waɗanda ba sa gogewa.

Bayan cirewa akwai ritena, wata roba da aka zuba daidai bakin yaro, yana kwana da ita don kada haƙoran su koma inda suka fito. Likitan yana bibiya na wata 12, daga nan in ta ɓata ko ta fashe kuɗinku ne. Kada a wanke ta da ruwan zafi, tana lanƙwashewa, kada kuma a naɗe ta a tishu a gefen faranti, hanyar kwandon shara ke nan.

Mu manya, NHS ba kasafai take sa mana waya ba sai lalura mai tsanani, kuma kuɗin lafiya da aka biya tare da biza bai rufe wannan ba. A asibitin kuɗi aikin yana kamawa daga wajen fam 2,000 zuwa 6,000, wurare da yawa suna karɓar biya wata-wata. Akwai roba mai haske irin ta Invisalign ga wanda ba ya son a ga ƙarfe. A duba sunan likita a rajistar GDC, hukumar da ke kula da likitocin haƙori, a kuma guji masu aiko da roba ta gidan waya ba tare da an duba baki ba. Ɗaya daga cikinsu, kamfanin SmileDirectClub, ya rushe a Disambar 2023, ya bar mutane a tsakiyar aiki.

Wanda kuma aka riga aka sa wa ɗansa waya a Abuja ko Kano kafin tafiya, ya karɓi hotunan baki da na cikin ƙashi da aka ɗauka tun kafin a fara, da rubutaccen tsarin aikin. Likitan nan zai so ya ga yadda haƙoran suke a farko kafin ya ce ko NHS za ta ci gaba da aikin, ko kuwa sai an biya.