Yadda Za Ka Sha Gahawa Ta Wartsake Ka Ba Tare Da Ta Hana Ka Barci Ba

Wannan wartsakewar da kake ji daga kurɓar farko, a lokacin kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa mai hana barci, ko cikin jininka bai gama shiga ba, sai ya ɗauki minti 15 zuwa 45 kafin ya fara aiki sosai. Abin da ya buɗe maka ido nan take ƙamshin ne da ɗacin da kuma zafin, don ƙwaƙwalwa ta riga ta saba cewa in wannan ɗanɗanon ya zo to kuzari na tafe, sai ta fara shiri tun kafin baƙon ya iso. A 2023 masu bincike a Jami'ar Minho ta ƙasar Fotugal sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mashaya gahawa, wasu an ba su gahawa, wasu kuma kafeyin zalla cikin ruwan zafi, sai aka ga waɗanda suka sha gahawar ta ainihi sassan da ke kula da gani da tattara hankali sun fi haɗa kai wajen aiki.

To ya za ka ci moriyar wannan?

Da farko daina kwankwaɗewa a tsaye kana duba waya. Kai kofin kusa da hanci, ka bar tururin ya daki fuskarka, ka kurɓa kaɗan ka riƙe a baki na ɗan lokaci har ɗacin ya sauka a bayan harshe. Sukari kuma a rage, ni dai a ganina in ka zuba cokali uku ka lafta madara to ka binne ɗanɗanon da ake nema.

Sai lissafin lokaci. Aikin kafeyin shi ne toshe inda sinadarin adenosin ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, shi adenosin ɗin nan taruwa yake yi tun da ka farka yana jawo maka jin barci, kuma gahawa ba ta kore shi ba, tare masa hanya kawai ta yi, shi ya sa in ta sake ka sai gajiyar ta rufto gaba ɗaya. In kana da jarrabawa ko doguwar tuƙi, sha kamar rabin awa kafin ka fara. Wasu ma sha suke su kwanta na minti 20, suna tashi kafeyin na kamawa.

Kar ɗaci ya ruɗe ka fa. Yawancinsa daga gasa 'ya'yan gahawar yake fitowa, wadda aka gasa ta yi baƙi ƙirin ba lallai ta fi ƙarfi ba. Iri ne ke da bambanci, Robusta na da kusan ninki biyu na kafeyin ɗin Arabika.

Da yamma kuwa a yi hattara, bayan kamar awa 5 rabin abin da ka sha yana nan a jikinka. In kwaɗayin ya taso da dare ka nemi wadda aka cire wa kafeyin, ɗanɗanon da ƙamshin suna nan, abin da ya rage a cikinta kaɗan ne ƙwarai. Babba mai lafiya kar ya wuce miligram 400 na kafeyin a rana, kamar kofi huɗu ke nan, mai juna biyu kuma 200. In ka fara jin zuciya na bugawa da sauri ko hannu na rawa, ajiye kofin, mai hawan jini kuma ya fara tuntuɓar likita.