Yadda ake mayar da tsohon wandon jins jaka ba tare da an karya allura ba

Duk wadda na gani ta fara wannan aikin wuri ɗaya take maƙalewa, wajen ɗinke gindin jakar. Ni kaina allura uku na karya rana guda, ta ukun ma tsininta ya fallatso ya same ni a kumatu, tun daga ranar na shiga taitayina.

Wandon dai ki nemi mai kauri. Wannan jins ɗin mai roba a jiki kar ma ki soma, kina zuba kaya jakar za ta saki ta yi ta tsawo. Ki shimfiɗa shi ki ja layi da alli a saman hantsa kaɗan, amma kafin almakashi ya taɓa shi ki zura hannu ki janyo yadin aljihun gaba sama ki kafe shi da fil, sannan ki leƙa baya ki tabbatar layin bai hau kan aljihun baya ba. Mutane da yawa sai sun gama yanka suke ganin sun datse aljihu, alhali aljihun nan su ne kyan jakar. Ƙafafun ki ajiye su gefe.

To yanzu ki juya shi bai-bai, ga inda rigimar take. A tsakiya ɗinkin gaba da na baya suna haɗuwa, kowanne dama a naɗe yake, sai ki ga yadi ya kai ninki 8 a wuri ɗaya. Allurar da kike ɗinka yadi mara nauyi da ita ba za ta iya ba, ki sa lamba 16 ko 18, akwai ta jins musamman, kuma kuɗinta bai kai haushin da za ki sha ba. Ki ɗora wurin a kan katako ki bubbuga shi da guduma har ya kwanta, eh guduma, haka ake yi. Ki buɗe tazarar ɗinki zuwa milimita 3 ko 4. In kin iso tudun ki ɗauke ƙafarki, ki naɗe ƙyalle ki cusa ta bayan ƙarfen da ke danne yadi don ya daidaita, ki riƙa juya keken da hannu ɗaya bayan ɗaya har ki wuce. Kuma don Allah kar ki ja yadin ta baya wai kina taimaka wa keke, jan nan ne yake lanƙwasa allura ta daki ƙarfen ƙasa ta karye. Ki bi layin sau biyu.

Kusurwoyin gindin ki danne su su yi tsini kamar bakin alƙalami, ki ɗinke a santimita 4 daga tsinin, shi zai sa jakar ta zauna da gindinta.

Hannu kuwa daga ƙafar wandon za ki fitar, faɗi santimita 10 tsawo wajen 60, ki ninka huɗu ki goge ki ɗinke. Wajen haɗa shi da ƙugu ki yi ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a ciki, ki kauce wa ƙananan ƙarafan bakin aljihu. Shafin ciki tsohuwar riga ta isa, ni wani lokacin ma ba na sawa, sai dai in bi bakin yankan da zigzag don kar ya zare.