Yadda nake tsara bayanan log a Python

Akwai daren da na kwana ina neman dalilin da ya sa kuɗin wani mai saye suka maƙale a manhajarmu. Log ɗin, wato bayanan da manhaja ke rubutawa kan abin da take yi, yana nan, layi dubbai, amma kowane layi doguwar jimla ce da aka cusa komai a cikinta. Tun daga ranar na sake salo.

A yaren shirya manhaja na Python, duk saƙon da logger, wato abin da ke rubuta log, ya karɓa yana zama abu guda mai suna LogRecord. Shi ke riƙe da sunan logger, sunan fayil, lambar layi, lokaci a daƙiƙoƙi tun daga 1970, da matakin saƙon. Matakan lambobi ne: DEBUG 10, INFO 20, WARNING 30, ERROR 40, CRITICAL 50.

Kada ka haɗa saƙo da adadinsa da hannunka. Rubuta logger.info("an biya %s", kudi). Saƙon zai zauna a msg, adadin a args, ba za a gauraya su ba sai an zo fitarwa. Wannan ne ya fi kwanta mini a rai, domin daga baya ana iya tattaro duk saƙonni masu kama ɗaya ba tare da wahala ba.

Lambar ciniki kuwa, ka shigar da ita ta extra, wato wurin ƙarin bayani da ake miƙa wa logger tare da saƙo, don ta samu gurbinta daban. Sai dai kar ka raɗa mata suna message ko asctime, Python zai ƙi, ya jefo maka kuskure mai suna KeyError.

In kuskure ka kama a cikin except, wato sashen da ke tare kurakurai, kira logger.exception, sawun kuskuren duka, wato jerin layukan da aka bi har ya faru, zai shiga gurbin exc_info. Lokaci na fi son UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, sai in mai da converter, mai juya lokaci a cikin Formatter da ke tsara fasalin layin log, zuwa time.gmtime. Kalmar sirri da lambar katin banki kuma, kar ka bari su shiga ko da a DEBUG ne.