Yadda zaka sabunta fassarar Zabura har jama'a su iya rera ta a coci

In kai mawaƙi ne aka ce ka sake fassara Zabura don sujada, abu na farko kar ka kulle ɗaki kai kaɗai. Nemi wanda ya iya Ibrananci ya zube maka ma'anar tsurarta, ko babu daɗi ba komai, daɗin ai aikinka ne. Cocin Ingila ma da zata gyara Zaburarta a 1958 sai da ta zaunar da marubuta T.S. Eliot da C.S. Lewis a kwamiti ɗaya da malaman Ibrananci, a Amurka kuma marubucin waƙoƙi W.H. Auden yayi aiki a kan Zaburar da ta shiga littafin addu'ar cocin Episkofal na 1979.

Sai ka gane ginin waƙar. Zabura bata tafiya da amsa-amo, ɗango ne zai faɗi magana na biyu ya maimaita ta da wasu kalmomi, ko ya ɗora mata, ko ya kawo kishiyarta. Anan ne hannun mawaƙi ke ƙaiƙayi, yaga kamar surutu ne ya datse rabi. Don Allah kar ka datse, da wannan maimaicin ne mai jagora ke bayarwa jama'a na amsawa, in ka cire shi me zasu amsa?

Tun da wuri ka yanke ko zaka sa amsa-amo. Clément Marot da Théodore de Bèze sun sa a Zaburar Janeba ta harshen Faransanci da aka kammala a 1562, kuma ta zauna a bakin mutane, amma fa amsa-amo akwai tsada, zaka tsinci kanka kana cusa kalmar da babu ita a nassi kawai don baiti ya faɗi daidai, ɗaya biyu uku sai kaga waƙar ta koma taka. Isaac Watts, marubucin waƙoƙin coci na Ingila, a 1719 har sunan Yesu ya shigar cikin Zabura, sai dai shi ya fito fili yace kwaikwayo yayi. In irin nasa zakayi to kira ta waƙa, kar kace fassara.

Wuraren ɗaci kuma ka barsu da ɗacinsu. Zabura 88 bata ƙare da ta'aziyya ba, kar tausayi yasa ka liƙa mata.

In ka gama kai wa 'yan kwaya su rera, amma gwajin gaske sai ka ba marasa murya, tsofaffi da yara, ka saurari inda numfashi ke yanke musu da inda gajeren wasali ya faɗa kan doguwar murya, nan zaka gyara.

Kuma ka nuna wa shugabannin ikkilisiya tun aikin na ɗanye. Zaburar da ICEL, hukumar da ke fassara littattafan sujadar Katolika zuwa Turanci, ta fitar a 1995 ta samu amincewar bishop-bishop na Katolika a Amurka, a 1998 aka janye amincewar.